Karen farauta mai ɗingishi

Zancenmu na yau a kan karen farauta ne, wanda ke ɗingishi da ƙafar baya, ya warke, ciwon ya dawo.

Ku ɗaure mashi baki, ku duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu. Sau da yawa ƙaya ce, ko ƙarangiya, ko kaska. Ku cire, ku wanke da dafaffen ruwa mai ɗan gishiri, ku ɗaure shi a inuwa sati 2. Nan ne mafarauta ke gaggawa: da kare ya fara taka ƙasa, sai a bi zomo da shi.

In gwiwa ta kumbura, ku kai shi wurin likitan bisashe. Kada ku ba shi ƙwayar ciwon jiki ta mutane, tana ɓata mashi ciki da ƙoda.

Amma in ƙafafun baya suka mutu, yana dalalar miyau, halinshi ya sake, wataƙila haukan kare ne. Kada kowa ya taɓa shi, a janye yara. Wanda karen ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi likita ran nan.