Tsibirin Gobir: Garin da Masu Neman Mafaka Suka Kafa

 



An ba ni in yi magana bisa garinmu Tsibiri, wanda takardun hukuma ke rubutawa Tibiri. Yau in baƙo ya taso daga Maraɗi ya kama gudron da ke zuwa Gidan Rumji da Ƙonni, kafin ya gama gyara zama bisa kabu-kabu ya iso. Shi ya sa wasu ke ɗaukar Tsibiri kamar wata unguwa ta bayan Maraɗi, inda ake kwana a koma birni da safe. To, bari mu duba ko haka abin yake.

Mu fara da ƙasar. Tsibiri na cikin gundumar Gidan Rumji, jihar Maraɗi, a bakin Gulbin Maraɗi. Wannan gulbi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratso Madarunfa da Maraɗi da nan, ya wuce Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu, amma laimar da yake bari cikin fadama ita ke riƙe da mu har rani. Tudu na ba da hatsi da wake da gujiya, fadama na ba da dawa, rogo, tumatir, tattasai da mangwaro. Ku riƙe wannan, don ba a kafa gari a nan da ka ba.

Gobirawa sun yi doguwar tafiya kafin su zo nan. Labarin kaka da kakanni ya nuna daga Azbin suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle wajen Dakwaro, daga baya suka gina Alƙalawa. Can Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, kuma zamaninsa ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shahara da wa'azi. Kar mu manta, Shehu ɗan ƙasar Gobir ne: a Maratta aka haife shi a 1754, cikin Nijar ta yau, a Dagel ya karantar. Da rigima ta tsananta tsakaninsa da Sarki Yunfa, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa, Gobirawa suka watse.

Kusan shekara talatin suna faɗi-tashi. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk suka kwanta dama. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattaro waɗanda suka saura, ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, da goyon bayan Ɗan Mari wanda ya gaji Rauda. Su ma Katsinawan Maraɗi ai gudowa suka yi bayan faɗuwar Birnin Katsina. Wato wanda ya rasa gida ne ya matsa wa ɗan'uwansa wurin zama.

Na san wannan tarihi na sa wasunmu jin nauyi. Ga ka ɗalibi kana karanta littattafan Shehu da na Abdullahin Gwandu a makarantar dare, ga kakanka da zanen Gobir a kunci, shida nan bakwai can. Wani sai ya ɓoye tarihin gidansu, wani kuma ya mai da shi abin gaba. Ƴan'uwa, duka biyun ba su kamata ba. Yaƙi ya wuce, waɗanda suka yi shi suna gaban Mahaliccinsu. Ilimin Shehu gadonmu ne a matsayin Musulmi, juriyar su Mayaƙi gadonmu ce a matsayin ƴan gari. Ba a canza wa tuwo suna, kuma faɗin abin da ya faru bisa gaskiya shi ma addini ne.

Mutanen gari fa? Akwai fada da sarakunanta, akwai sarautar Inna wadda mace ke riƙewa tun da. Akwai manoma, maƙera, mahauta, malamai da fatake. Akwai Katsinawa, Fulani, Buzaye da Zabarmawan da aiki ya kawo. Kowa ya san yadda Bagobiri da Bazabarme ke yi in sun haɗu, kowa na cewa shi ne ubangidan wani, a yi dariya a rabu. Wannan wasan taubasai na ƙasarmu har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014.

Yanzu ga inda maganar take. Maraɗi na faɗaɗa, kuma wajenmu na cikin inda take miƙo ƙafa. Gona ta zama fili, fili ya zama bulo. Magada su sayar, a raba jikkuna, wani ya sayi babur, bayan damina biyu babu babur babu gona. Gulbin ma ba kamar da ba, tun da aka yi madatsar Jibiya ga kuma ƙarancin ruwan sama. Ku tambayi tsofaffin masu garka. Ba na cewa haramun ne mutum ya sayar da halalinsa. Amma ƙasar da ta ciyar da masu gudu har suka zama gari, a yi shawara kafin a saka ta kasuwa.

Na biyu, baƙi. Tun 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako cikin gundumarmu saboda ƴan bindiga. Da yawansu daga wajen Sabon Birni suke, garin da Gobirawan da suka tashi daga nan Tsibiri suka kafa. Jininmu ne. In akwai garin da bai kamata a ji kalmar wulaƙanci ga ɗan gudun hijira ba, to wanga ne. Mun karanta yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar a Madina. Ga wurin aiki da karatun ya zo har ƙofar gida.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Mu ɗalibai, na lise da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, mu yi amfani da hutu mu zauna gaban tsofaffi da makaɗan fada, mu ɗauki maganarsu a waya, mu rubuta da Hausa, boko ko ajami. Malamanmu su ware darasi kan rabon gado da hakkin marayu da mata cikin gonaki. Kowane reshe kuma ya san baƙin unguwarsa, ya jawo yaransu makarantar allo da lakwal.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.