Amanar Mai Tsara Doka

Wannan jawabi ya shafi wasu ma'aikata ne waɗanda ba a ganin hotonsu a jarida, ba a kuwa jin muryarsu a rediyo, amma babu ɗan ƙasar da aikinsu bai taɓa shi ba. Su ne masu tsara dokoki, watau lauyoyin da kan zauna su rubuta shirin doka kalma bayan kalma kafin a kai shi gaban Majalisa. A Abuja ana samunsu a sashen tsara dokoki na Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, wadda Babban Lauyan Gwamnati ke shugabanta, ana kuma samunsu a ofisoshin Majalisar Tarayya, ƙarƙashin Akawun Majalisa.

Dattawa za su iya tuna mai rubuta wasiƙa, wanda kan kafa ɗan teburinsa a bakin gidan waya. Mutumin da bai iya rubutu ba yakan zo ya faɗa masa saƙonsa, shi kuwa ya rubuta. Alƙalamin nasa ne, amma maganar ba tasa ba ce. In ya ga saƙon zai jawo rigima, yana da ikon ya ce wa mai shi, "Malam, a sassauta wannan." Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya karanta wa mutum abu ɗaya, ya sa wani abu dabam cikin ambulan. To, matsayin mai tsara doka ke nan, sai dai shi wasiƙarsa ta ƙasa ce gaba ɗaya, kuma alƙalai ne za su karanta ta, su ɗaure mutum ko su sake shi bisa abin da suka gani a ciki. Kalma guda da ke nufin "dole ne Minista ya yi", in aka musanya ta da wadda ke nufin "Minista yana iya yi", ta isa ta mai da hakkin talaka ya zama alfarma.

Domin a gane inda amanar ta fi nauyi, ya kamata a san hanyar da shirin doka ke bi. Sashe na 58 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce sai Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai sun amince da shi dukansu, sa'an nan a kai wa Shugaban Ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace Majalisa na iya sake zartar da shi, ya zama doka ba tare da hannunsa ba. Akwai kuma wata tsohuwar doka tun farkon samun mulkin kai, wadda ta ɗora wa Akawun Majalisa nauyin shirya kwafin gaskiya na abin da aka zartar, da dukan gyare-gyaren da aka yi, ya sa hannu ya shaida cewa shi ne. Bayan Shugaban Ƙasa ya amince, sai a buga dokar a Gazet, watau jaridar hukuma ta Gwamnati, a ajiye kwafi ɗaya wurin Akawu, ɗaya wurin Shugaban Ƙasa, ɗaya kuma a Kotun Ƙoli.

A zauren Majalisa akwai idanu da yawa: 'yan Majalisa 109 a wancan ɓangare, 360 a wannan, ga 'yan jarida, ga masu kallo. Amma daga ranar da aka gama muhawara zuwa ranar da Gazet ta fito, takardar tana hannun mutane kaɗan ne, a ofis, bayan an rufe ƙofa. A nan ne fa ake gane ma'aikaci.

Nijeriya ta taɓa ganin abin da kan faru in aka sami shakka a wannan tsakani. A watan Disamba na 2001 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a Dokar Zaɓe. Ba a jima ba sai 'yan Majalisa suka ta da murya cewa akwai wani ƙari a sashe na 80 wanda ba su taɓa zartarwa ba. Ƙarin ya ce sai sabuwar jam'iyya ta fara nuna ƙarfinta a zaɓen ƙananan hukumomi kafin ta tsaya manyan zaɓuɓɓuka, abin da zai bar jam'iyyu uku na lokacin, PDP da APP da AD, su kaɗai a fagen zaɓen 2003. Aka yi ta nuna wa juna yatsa tsakanin fadar Shugaban Ƙasa da shugabannin Majalisa. Daga baya aka soke ƙarin, aka kuma yi sabuwar Dokar Zaɓe a 2002. Abin lura shi ne, ko wane ne ya ba da umarnin, ba babban ba ne ya zauna ya buga layukan da hannunsa. Akwai ma'aikacin da ya tsara kalmomin, akwai wanda ya buga su, akwai wanda ya duba ya wuce.

Shekara 24 bayan haka irin wannan magana ta sake tasowa. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda 4 a watan Yuni na 2025. A watan Disamba na shekarar, wani ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zaure ya ce abin da ya gani a Gazet ya saɓa wa abin da suka zartar. Majalisar ta kafa kwamiti, shugabanninta kuma suka umarci Akawu da ya fitar da tabbatattun kwafi. Ba hurumin wannan jawabi ba ne ya yanke wa kowa hukunci. Amma ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke shirin biyan haraji yana da hakkin ya san wace takarda ce doka, kuma rana guda da zai yi cikin shakka hasara ce ga Gwamnatin da ke neman ya biya da yardarsa.

To, yaya ma'aikaci zai yi in na gaba da shi ya ce masa, "An manta wani ɗan abu, saka shi kafin a kai wa Shugaba"? Sau da yawa maganar takan zo da taushi, wani lokaci ma gyaran mai kyau ne, kowa ya duba zai ce ya fi na da. Wannan shi ne tarkon. Gyara kuskuren bugu, ko lambar sashe da ta karkace, aikin ofis ne. Amma duk abin da ya taɓa ma'ana, ko da waƙafi ne, ya fi ƙarfin Darakta, ya fi ƙarfin Akawu, ya fi ƙarfin Minista. Hanyarsa ɗaya ce, a mayar wa Majalisa. Abin da ya kamaci ma'aikacin shi ne ya nemi a ba shi umarnin a rubuce, ya rubuta nasa ra'ayin a fayil da kwanan wata, ya kuma ƙi sa hannu a shaidar da ya san ba gaskiya ba ce. An sha ganin cewa umarnin da aka ce a rubuta shi yakan mutu a bakin mai shi.

Ba kowace ɓarna ce ke zuwa da mugun nufi ba. Gaggawa ma tana yin tata. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Fabrairu na shekarar, ta yi maganar zaɓaɓɓun daliget kaɗai a sashe na 84(8), ta bar waɗanda muƙaminsu ne ke ba su ƙuri'a a zaɓen fid da gwani. Sai ga gwamnoni da su kansu 'yan Majalisar da suka yi dokar ba su da ƙuri'a. A watan Mayu suka yi hanzarin gyarawa, amma ba a sa hannu a gyaran ba, aka yi zaɓen fid da gwani a haka. Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Duk da ciwon abin, hanyar da aka bi ita ce daidai: an koma zaure, ba a laɓe a ofis an gyara ba.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan wuya, watau a umarci mai tsara doka ya rubuta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. A ƙa'ida, manufa ta masu mulki ce, su jama'a suka zaɓa, su kuma za a tuhuma. Ma'aikacin da bai ji daɗin sabon haraji ba, ba shi da ikon ya rubuta dokar da rauni da gangan domin ta faɗi a kotu. Wannan ma cin amana ne, sai dai ya yi shigar kirki. Amma biyayya tana da iyaka. A 1984 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 20, wadda ta tanadi hukuncin kisa ga masu safarar ƙwayoyi, aka kuma mai da ƙarfinta baya har ta kama laifin da aka yi kafin a kafa ta. A watan Afrilu na 1985 aka harbe samari uku a Kirikiri, cikin Legas: Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. Mai da dokar laifi baya abu ne da sashe na 4(9) na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa Majalisa, sashe na 4(8) kuma ya hana yin dokar da za ta rufe ƙofar kotu. Wanda aka ce ya rubuta irin wannan a yau, wajibinsa ne ya gaya wa Babban Lauyan Gwamnati a rubuce, ba da kwana-kwana ba, cewa abin ya saɓa wa Tsarin Mulki. Yin shiru domin kada a ɓata wa maigida rai ba ladabi ba ne.

Sai maganar kyauta da asiri, wadda ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Jadawali na 5 na Tsarin Mulki sun hana ma'aikaci ya sa kansa inda amfaninsa zai yi karo da aikinsa, sun kuma hana shi karɓar wani abu saboda abin da ya yi ko ya bari a bakin aiki. Kamfani na iya kawo nasa shirin doka a tsare, da alkawarin tafiya taro ƙasar waje. Takardar sai ta shiga fayil inda kowa zai gani, tikitin kuwa a mayar wa mai shi. Ya fi wuya in ɗan'uwa ne na jini, mai shigo da kaya, ya tambaya a zauren gida ko za a ƙara kuɗin fito a bana. Mai tsara doka yakan san amsar makonni kafin kasuwa ta sani, kuma dole ya haɗiye ta, ko da za a ce ya yi girman kai.

Jama'a su ma suna da rabonsu. Kwamitocin Majalisa sukan yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan shirin doka, kuma ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa tana iya aika takardarta. Tun 2011 kuma akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa ofishin Gwamnati ya nemi takarda, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ofishin kuma ya ba da amsa cikin kwana 7. Wanda ya ga saɓani tsakanin abin da aka ce an zartar da abin da aka buga, sai ya rubuta wa Akawun Majalisar Tarayya a Abuja, ya ambaci sunan dokar da shekararta da lambar sashen, ya nemi tabbataccen kwafi.