Jarumar Mace a Fim ɗin Hausa: Takobi da Kasuwa



Ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, sun san hoto mai motsi tun zamanin majigi. Da kaset ya zo, bayan fitowar Turmin Danya a 1990, sai kallo ya koma cikin gida, matan aure suka zama manyan 'yan kallo. Dillalan Ƙofar Wambai a Kano kuwa suka lura cewa soyayya da kishi da waƙa su ne ke kawo ciniki, musamman bayan Sangaya a 1999. Ta haka mace ta cika fim, amma yawanci ko tana kuka ko tana rawa.

Ba jarumai mata aka rasa ba. A 1986 Med Hondo ya shirya Sarraounia, labarin Sarauniya Mangu wadda ta tari rundunar Faransa a Lugu, ƙasar Nijar, a 1899, har fim ɗin ya ci babbar kyautar Fespaco a 1987. Izu Ojukwu ya fito da Amina a 2021, amma galibi da Turanci, kuma a Netflix. Ina wannan, ina mai dakan gero a Kunchi?

Gaskiyar magana, tsada ce ke korar masu jari. Fim ɗin yaƙi sai da dawaki da lifidi da ɗaruruwan dakaru, sai an ɗauki watanni ana koya wa 'yar wasa sukuwa da sara, har mai kallo ya yarda da hannunta. Na soyayya kuwa, falo ɗaya da lambu sun wadatar.