Wanda ya iya ƙota fartanya zai iya gyara sandar golf

Yau maganar gyaran sandar golf za mu yi. Na san wani a Ribah zai ce, "Mu da ko filin ba mu da shi?" To, saurara.

Akwai filayen golf a Kano, Kaduna da Abuja, kuma matasa ne ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka. Jaka ɗaya kan ɗauki sanda har 14, kowace tana son gyara. Kuɗi ne fa!

Wanki dai ruwan ɗumi ne da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Ka goge tsagogin kan sandar, ka tsane ta sarai saboda tsatsa.

Robar mariƙi ta yi santsi? Yanke ta, ka naɗa salatif mai manne ciki da waje, ka jiƙa shi da ruwan tsinka fenti, ka zura sabuwa, ka bari ta kwana.

In kan yana girgiɗi, cire shi, kankare tsohon gam, ka sa epoxy, ka jira awa 24.

Ɗan'uwa, in za ka fita ci-rani, ka tafi da sana'a a hannu. Mai ɗaukar jaka yana da yawa, mai gyara ne ake nema.

Sai mako na gaba.