Awon Sabon Magani da Mudun Bara



In an samo sabon magani, da wa za a kwatanta waɗanda suka sha shi? Hanyar da masana suka fi amincewa da ita, ita ce a raba marasa lafiya kashi biyu ta ƙuri'a, a ba waɗansu sabon, waɗansu tsohon. Amma wannan yana cin kuɗi da lokaci, saboda haka akan buɗe tsofaffin littattafan asibiti, a auna majinyatan bana da na bara.

Ga inda haɗarin yake. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano. A 1972 da 1973 aka fesa maganin sauro a ɗakuna, aka kuma raba ƙwayoyi a waɗansu ƙauyuka. To, waɗannan su ne shekarun babban fari. Da lissafin baya kaɗai aka riƙe, wa zai rarrabe aikin feshi da na ƙarancin ruwa? Abin da ya fisshe su shi ne ƙauyukan da suka bari ba feshi, suna auna su a lokaci guda.

Haka nan a ƙasarmu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, noman rani ya kwantar da ruwa inda da babu; lissafin zazzaɓi ko tsargiya na kafin nan ba ya zama mudun bayansa.

A 1982 Sacks da abokan aikinsa a Amurka suka duba gwaje-gwajen hanyoyin magani shida. Cikin waɗanda suka dogara da lissafin baya, kashi 79 bisa 100 sun ce maganin ya yi; cikin na ƙuri'a kuwa, kashi 20 kawai.

Duk da haka tsohon lissafi yana da ranarsa. Kafin streptomycin a shekarun 1940, sanƙarau na tarin fuka kusan ba ya barin wanda ya kama, don haka warkewar kaɗan ma ta isa hujja. Sharaɗin dai shi ne cutar, da irin majinyatan, da kulawar, da hanyar awon su kasance ɗaya.

Saboda haka, ku ma'aikatan asibitocin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ku rubuta shekarun majinyaci, da ranar zuwansa, da maganin da ya sha, da yadda ya ƙare. Da littafinku za a auna maganin da za a ba 'ya'yanmu gobe.