Abin da Ke Riƙe Yaro a Rumfa: Laccar Akawun Jam'iyya ga 'Yan Kasuwar Birnin Kudu da Gwaram

Muna gaishe da dattawan kasuwa, da iyayenmu mata masu sana'a, da 'yan'uwa da suka taso tun daga Gwaram da Sara, ga tsadar mota, don su ji wannan magana.

Kukan da aka fi kawo mana ofis a shekarun nan iri ɗaya ne. Mai kanti ya ce yaronsa ya gudu. Tela ya ce ya koya wa yaro ɗinki shekara uku, ran da hannunsa ya faɗa sai ya tafi Kano. Mai injin niƙa, da mai gidan burodi, da mai makarantar kuɗi, duk bakinsu ɗaya, wai yaran zamani ba su da amana. To mu dai mun zauna mun duba, ba mu ga inda amana ta ƙare ba. Kuɗi ne ya lalace a hannun yaro.

Ku tuna ran 29 ga Mayu 1923 ba a haife mu ba, amma ran 29 ga Mayu 2023 muna nan da kunnuwanmu, muka ji Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki Naira ta nemi farashinta a gaban dala. Ya zuwa Disamba 2024, ofishin ƙididdiga na gwamnati da kansa ya ce tsadar kaya ta kai 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, abin da aka saya Naira dubu a Disamba 2023, bayan shekara guda sai an ba da kusan 1,350. Hatsi ya ɗan sauko a 2025, mun gode Allah, amma mota da magani ba su koma inda suke ba. Yaron da aka yanka wa albashi tun kafin wannan guguwa, kuma ba a taɓa shi ba, an rage masa albashi ke nan, ko da ubangidansa bai zare ko kwabo ba.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Tsadar yaƙin Hitila ce ta sa ma'aikata suka nemi kuɗin tsadar rayuwa, wanda suke kira kola, har a Yuni 1945 suka yi yajin aiki na wajen wata ɗaya da rabi, Michael Imoudu na 'yan reluwe yana gaba. Bature bai ƙara ba sai da jirgin ƙasa ya tsaya. A 1975 kuma aka biya kuɗin Udoji har da ariya. Dattawan da ke nan sun ga rediyo da kekuna da aka saya, sun kuma ga yadda kasuwa ta haɗiye ƙarin, don a shekarar tsadar kaya ta wuce 30 cikin ɗari. Kuɗin takarda shi kaɗai zuba ruwa ne a kwando.

Wani zai ce ai an yi doka. Gaskiya ne, a Yuli 2024 an mai da albashi mafi ƙanƙanta Naira 70,000 daga 30,000 na 2019, gwamnatin Jigawa ma ta amince da shi a shekarar. Amma dokar ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ku ɗaga ido ku duba kasuwar nan, rumfa nawa ce ke da yara 25? Ashe da yaron kanti, da ɗan dako, da mai juya kwaɓin burodi, ba da su aka yi rabon ba. Abin da ya rage sai tsakaninmu, ubangida da yaronsa, kuma dukansu biyu talakawa ne.

Shawararmu ta fari ita ce a auna wani kashi na albashi da kwano. A ce wa yaro, kuɗinka kaza a wata, ga kuma kwano kaza na gero ko dawa. In hatsi ya tashi, cikin gidansa bai girgiza ba. Ubangida kuwa ba lalle ya saya da tsadar damina ba, sai ya saya da kaka lokacin da manoma ke fitarwa, ya ajiye tare da na gidansa. Mu a nan ƙasar noma muke, wannan dabara ta fi mana sauƙi bisa ga mutanen Legas. Haka abincin rana. Tukunya ɗaya a bayan rumfa ta fi araha bisa ga kowa ya je ya saya wajen mai tuwo, kuma yaron da ya ci ya ƙoshi ba ya kallon aljihun tebur. Wanda ke zuwa daga ƙauye a ware masa kuɗin mota dabam, in mai ya tashi a taɓa wannan ɗin nan da nan, ba sai an jira shekara ba. Wasunmu da suka yi makarantar mishan sun ga malami mai ɗan albashi ya shekara ashirin bai motsa ba, saboda akwai ɗaki, akwai 'yar gona, akwai magani.

Maganin nan shi ne babba. Abin da ke karya yaro ba cefanen yau da gobe ba ne, ranar da matarsa ta zo haihuwa ne, ko ɗansa ya suma da zazzaɓi aka ce a kai asibitin tarayya na Birnin Kudu. Ran nan yake sanin ko yana da ubangida. Dokar 2022 ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowane ɗan ƙasa, Jigawa kuma tana da hukumarta, JICHMA. Ƙungiyar kasuwa ta tashi wakilai su je Dutse su tambayo yadda za a shiga a ƙungiyance. Kafin nan a kafa asusu irin na adashi, kowace rumfa ta riƙa zubawa ran kasuwa, ba a taɓa shi sai don jinya. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun kwana shida da biya bayan shekara guda, da kwana 12 na rashin lafiya. Wanda ya zaftare wa yaro kuɗi don ya kwanta kwana biyu, kada ya zo mana da kukan ya gudu.

Sai maganar sallama. Iyayenmu sun riƙe yara shekara bakwai, shekara goma, ba takarda, don yaro ya san ƙarshen barantaka jari ne da aure. Yau an bar wa yaro wahalar, an ɗauke masa alkawarin. A mayar da shi, a kuma faɗi shekarar a gaban shaidu. Kada a yanka jarin da Naira, don Nairar da aka ambata yau ba ita za a tarar ba bayan shekara biyar. A ce keken ɗinki ɗaya, ko buhu kaza na riɗi, ko rabin kayan rumfa.

Mun ji wani Alhaji can baya yana cewa, mu da jarinmu ya narke ina muka ga wannan? Gaskiyarka, Alhaji, tsadar ba ta bar ka ba. Amma yi lissafin sabon yaro: wata nawa kafin ya san farashi, kaya nawa zai ɓata, masu ciniki nawa za su bi tsohon zuwa inda ya koma. In ba za ka iya duka ba, fara da abincin rana.

Gwamnati ma ba mu ƙyale ta ba. Ciwon da ke raba tela da yaronsa shi ke kwashe likitoci zuwa Saudiyya da Ingila, ya bar talaka a layi tun asuba. A 1980, muna cikin Jihar Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ce ta fara mai da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, kafin ta tarayya ta bi a 1981. Muna neman a duba albashin malaman makaranta da na asibiti kowace shekara bisa farashin kasuwa, a kuma gina wa na ƙauyukan Gwaram gidajen kwana kusa da wurin aiki.

Duk ubangidan da ke son a rubuta masa yarjejeniya da yaronsa, ya zo ofishin jam'iyya bayan la'asar, shi da yaron da shaidu biyu. Za mu rubuta da boko ko da ajami, kowa ya riƙe tasa, ba a biyan ko sisi. Mako mai zuwa muna Sara. Wassalam.