ZAMANMU A FAGGE DA SABON GARI: JIYA, YAU, DA AIKIN DA KE GABANMU

Kwamitin biki ya roƙe mu mu yi ɗan jawabi a kan unguwar da wannan ikkilisiya ta zauna a cikinta shekara 50 cif. Mun karɓa da murna, gama wanda yake bikin tsufan gidansa ya kamata ya leƙa waje ya ga halin da layinsu yake ciki.

MAFARIN UNGUWANNIN NAN

Fagge tsohon wuri ne. Tarihi ya danganta kafuwarsa da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Zango ne a bayan ganuwa, inda Buzaye da sauran fatake sukan sauke kayan raƙumansu. Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, sa'an nan wajen 1913 aka yanka filayen Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan jirgi da masu sana'a waɗanda suka zo daga kudu da bakin teku. Sunayen titunan suna ba da shaida har yau: Gold Coast Road, Abeokuta Road, Warri Road, Enugu Road. Ashe kuwa Fagge da Sabon Gari dukansu masaukin baƙi ne tun asali. Amma bayan fiye da shekara 100, wanda aka haifi kakansa a nan ba shi da wani gida da ya fi wannan.

HALIN DA MUKE CIKI

Ƙidayar 2006 ta sami mutum 198,828 a ƙaramar hukumar Fagge, ban da ɗimbin jama'ar da ke kwararowa kowace safiya zuwa Kantin Kwari, da Singa, da kasuwar Sabon Gari wadda ake kira Kasuwar Abubakar Rimi. Har daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sarin kaya. Wannan albarka ce, yawancinmu a nan muke samun abinci da kuɗin makarantar yara. Amma albarkar ta zo da nauyinta. Gidajen kwana suna komawa shaguna da ɗakunan ajiye kaya, kuɗin haya yana hawa, iyali mai mutum bakwai suna cikin ɗaki ɗaya, gida guda kuma da bayan gida ɗaya tak. Shi ya sa 'yan'uwa da yawa suka tashi zuwa Jaba da Kwaciri da Badawa, ranar Lahadi sai sun biya kuɗin Adaidaita Sahu kafin su iso sujada.

Abu uku ne suka fi damun kowane gida. Na fari, ruwa. An buɗe ma'aikatar ruwa ta Challawa a farkon shekarun 1930, lokacin da garin bai kai ko kusa da girmansa na yanzu ba. A layuka da yawa famfo ya zama ado, sai a jira 'yan ga-ruwa da kurarsu. Na biyu, magudanar ruwa. Abin da muka zuba a kwata yana gangarawa rafin Jakara, idan leda ta toshe hanya kuwa, ruwan Agusta yakan dawo mana da shi har tsakar gida, sauro da amai da gudawa su biyo baya. Na uku, gobara. Ba mu manta da Maris na 2016 ba, sa'ad da wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari cikin dare ɗaya. Da Musulmi da Kirista, da Bahaushe da Ibo da Bayarabe, tare suka tsaya a kan toka suna kuka.

RAUNUKAN DA MUKE ƊAUKE DA SU

Ba za mu ɓoye gaskiya a ranar murna ba. An zubar da jini tsakanin unguwannin nan a Mayu 1953, da 1966, da Oktoba 1991, da Mayu 2004. A ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar mota ta New Road. Akwai waɗanda suke zaune a wannan taro da suka binne nasu. Amma kuma akwai a cikinmu waɗanda maƙwabci Musulmi ya ɓoye a ɗakinsa har ƙura ta lafa. Mu faɗa wa 'ya'yanmu labarin duka biyu, kada mu ba su rabi.

AIKIN DA KE GABANMU

Mu da muke sujada da Hausa muna da matsayi na musamman. Harshenmu ɗaya da mutanen Fagge, bangaskiyarmu ɗaya da yawancin mazauna Sabon Gari. Muna jin maganar kowane ɓangare ba tare da tafinta ba. Idan mu ba mu kai gaisuwa daga wannan gefe zuwa wancan ba, wa zai kai?

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Matasa su fito da shebur ranar Asabar ta ƙarshen wata su yashe kwatar layinsu tare da samarin maƙwabta. Dattawa su san mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa tun ana zaman lafiya, kada sai ranar tashin hankali. Iyayenmu mata su ci gaba da zuwa barka da ta'aziyya a kowane gida ba tare da zaɓe ba. Masu gidajen haya a cikinmu kuma su ji tausayin gwauraye da marayu sa'ad da suke ƙara kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu da suka kafa wannan ikkilisiya sun bar mana gini da suna mai kyau. Bari mu kuma mu bar wa masu bikin shekara 100 unguwa mai tsabta da maƙwabta da suka san sunayenmu. Allah ya ba Kano zaman lafiya, ya sa wa Fagge da Sabon Gari albarka. Amin.